Sallah da Ƙananan Yara: Ɗinki, Goro da Yawon Zumunci

Ina gaida masu saurarenmu na Wara da Ngaski da Libata da Birnin Yauri, ina gaida na Yelwa da na Shanga, da 'yan uwanmu na cikin gungu waɗanda muryarmu ke isar musu ta kan ruwa. Wadda ke bakin murhu ta ɗan jawo rediyon kusa, wadda ke lallashin goyo ta ci gaba da abinta, kunne kawai muke so.

To, azumi ya yi nisa, mun shiga goman ƙarshe. Na san a gidaje da yawa yanzu babu hirar da ake yi sai ta tela da ta lalle da ta kitso. Yara kuwa sun fara ƙirga kwanaki da yatsu. Saboda haka yau hirar tamu a kan Sallar yara take, musamman ƙanana, daga ɗan yaye zuwa ɗan shekara goma.

Abin da ya jawo wannan hira saƙo ne da wata baiwar Allah ta aiko mana daga wani ƙauye kusa da Wara. Ta roƙi kada a faɗi sunanta, kuma ba za mu faɗa ba. Ta ce su biyu ne wurin maigidansu, masunci ne. Ita tana da 'ya'ya huɗu, abokiyar zamanta tana da biyu, sannan akwai wata marainiya, ɗiyar ƙanen maigidan, da take riƙo. Bana kamu ya yi ƙaranci, maigida ya kawo turmi ɗaya na atamfa ya ce a raba wa yara mata, maza kuma a wanke musu na bara. Ita kuwa tana da ɗan abin da ta kwasa na adashi daga sana'ar ƙuli-ƙuli da take yi. Tambayarta ita ce, shin ta ɗinka wa nata 'ya'yan sababbin kaya da kuɗinta, ko ko yaya za ta yi? Ta ce ta kwana uku tana juya maganar, barci ya gagara.

'Yar uwa, Allah Ya saka miki da alheri, don rashin barcin nan naki shi ya nuna zuciyarki da rai. Wata ko tunani ba za ta yi ba. Zan ba ki amsa daidai fahimtata, amma bari mu fara daga tushe.

Da farko dai, farin cikin yaro ranar Sallah abu ne da addini ya san da shi. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa wata ranar idi Sayyidina Abubakar ya shiga ɗakin Nana A'isha ya tarar da wasu 'yan mata biyu suna waƙa, ya tsawata musu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya nuna masa cewa ranar idi ce, a bar su. Haka kuma ya tsaya Nana A'isha tana bayansa tana kallon mutanen Habasha suna wasa da masu, har sai da ita da kanta ta gaji. Saboda haka uwar da ta tashi tsaye don ɗanta ya yi murna ranar Sallah, lada take nema. Sai dai murnar yaro da fahariyar uwa abu biyu ne, kuma mu mata mun iya cakuɗa su.

Ki lura da ɗan shekara huɗu. In kika ɗinka masa shadda mai tsada, kafin azahar ya goga mata manja. Abin da zai tuna shi ne agogon roba da tabarau da aka saya masa, da hular da yake ta gyarawa. Yarinya kuwa lallen hannunta take ta nuna wa mutane, da 'yan kunne da awarwaro. Tsadar yadi ke kika san ta, da maƙwabciyar da kike so ta gani. Sau nawa dillaliya ke shigo mana da kaya, mu ɗauka bashi, a ce sai bayan Sallah? Sallah ta wuce, dillaliya ta fara sallama safe da yamma, ke kuma ki fara cewa yara su ce kina barci. Kin ga an koya wa yaro ƙarya saboda rigar da ta riga ta yage. Magabata suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda kaya suka tashi, har kuɗin jirgi da na mota. Wanda ya matsa wa maigida a irin wannan hali sai ya ci bashin da zai hana gidan cefane wata guda.

Kuma babu kunya a cikin na bara, babu kunya a cikin aro. A hadisin Ummu Aɗiyya, da aka yi maganar fitar mata idi, wata ta tambaya game da wadda ba ta da mayafi, sai Manzon Allah ya ce 'yar uwarta ta ara mata. Idan matan sahabbai sun yi aro ranar idi, ke wace ce? Rigar yaya ta koma wa ƙane, a wanke, a sa bula, a goge, a sa turare. A saya masa sabuwar hula ko takalmi in da hali. Shi ke nan, Sallarsa ta yi.

Yanzu mu dawo kan tambayar 'yar uwarmu. Akwai sahabi ƙarami, Nu'umanu ɗan Bashir. Mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, sai mahaifiyarsa Amra 'yar Rawaha ta ce ba za ta yarda ba sai Manzon Allah ya shaida. Da uban ya je, Manzon Allah ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irin wannan kyauta. Ya ce a'a. Sai ya ƙi shaidawa, ya umarce shi da ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa, uban ya koma ya janye kyautar. Wannan magana ta iyaye maza ce da farko, kuma na san akwai iyayen gida da ke saurarenmu ta bayan zana. Malam, in za ka yi wa ɗakin amarya ɗinki, ka yi wa ɗakin uwargida. In babu, ka tara su ka faɗa musu babu. Yara suna gani, kuma abin da suka gani ranar Sallah ba ya goguwa.

Ke kuwa 'yar uwa, kuɗin adashinki naki ne, guminki ne, babu mai tilasta miki. Amma ki zauna ki hango safiyar Sallah a tsakar gidanku. Naki huɗu sun fito fes, na abokiyar zamanki biyu suna raɓe a bakin ƙofa, marainiyar nan kuma tana kallo, ba ta da ɗakin da za ta shiga ta yi kuka a cinyar uwa. Anya abincin ranar zai yi miki daɗi?

Bari in ba ku labarin gidanmu. Ina 'yar shekara takwas a Yelwa, wata shekara albasar Baba ta ruɓe kafin a kai kasuwa, ya tafka asara. Mu huɗu ne mata a gidan, uku na Inna, ɗaya kuma ɗiyar abokiyar zamanta ce da aure ya ƙare ta bar ta. Baba ya ce bana babu ɗinki. Inna ta buɗe akwatinta ta ciro atamfa biyu da take ajiya tun na aurenta, ba ta taɓa ɗaurawa ba, ta aika wa tela ta ce a yi mana mu huɗu iri ɗaya. Ni na yi ta kuka, don leshi nake so irin na 'yar maƙwabtanmu, har na ce ai da mu uku ne kawai da an sayar da atamfar an saya mana leshi. Ranar na sha faɗan da ban taɓa sha ba. Inna ta ce da ni, "In na sake jin kin ce mu uku a gidan nan, sai na saɓa miki. Ku huɗu ne." Wallahi na manta launin atamfar nan, amma maganar tana kunnena har yau. Yayar tamu kuwa ta girma ba ta san wata uwa ba sai Inna, kuma a ɗakinta Inna take yin azumi duk shekara yanzu.

Saboda haka shawarata gare ki, ki sami maigida ki gaya masa abin da ke hannunki da abin da kike niyya. Ki kira abokiyar zamanki ku zauna. Wataƙila ita ma tana da ɗan zanen da za ta fitar. A haɗa turmin da ya kawo da abin da kika iya, a sayi yadi mai sauƙi, a yi wa yaran bakwai, ko da riga ɗai-ɗai ce. In kuɗin bai kai ba, a fara da marainiyar, a bi da ƙanana, manya a yi musu bayani, suna ganewa. Kuma kada ki kwashe jarin ƙuli-ƙulinki duka, ki bar abin da za ki juya bayan Sallah. In kina son ki yi wa naki wani abu na daban, shekara tana da kwanaki da yawa. Ranar Sallah dai a bar su su fito tare.

To, sai maganar al'adun gida. Kowane gida yana da abin da ya saba. Wani gidan waina ce da miyar taushe, wani tuwon shinkafa, wani funkaso. Mu nan bakin ruwa ba mu rasa kifi, ko giwan ruwa in an samu, ko tarwaɗa busasshiya, ko karfasa, kai ko warangi aka daka aka zuba a miya sai ta yi daɗi. Ga cincin da dubulan da alkaki da ake fara yi tun saura kwana uku. Abin da nake roƙo, kada ki kori yara daga wurin aikin nan. Na san suna ɓata lokaci, suna zubar da gari. Amma ba 'yar shekara biyar ɗan curin ƙullu ta murza nata cincin, ko ya fito a karkace, ki soya mata shi daban ta kai wa babanta. Namiji ya ɗebo ruwa, ya share ƙofar gida, ya jera takalma. Yawancinmu a gindin murhun iyayenmu muka koyi abin da muka iya, babu wanda ya zaunar da mu ya karanta mana. Sai dai a kula da kaskon mai. Ɗan rarrafe a goya shi ko a ba wata ta riƙe, don ƙunar mai ranar jajibere ta sha mayar da Sallar gida ta koma jinya.

Haka zakkar fidda kai. Sa'i guda ne a kan kowane mutum, wato mudun Annabi huɗu, daga abincin da aka fi ci a garin, ko shinkafa ko dawa ko gero ko masara, kuma har jariri ana fitar masa. Ana bayarwa kafin a tafi idi, ko kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah. In maigida zai auna, a kira yara su tsaya. A ce wannan na wane ne, wannan na wance ce. Sannan a ɗora wa babbansu ƙwarya ya kai gidan da za a kai, ƙanensa na biye. Ke da ba ki fita, ƙafar ɗanki ita ce ƙafarki. Ki koya masa ya yi sallama, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu, kada kuma ya je yana ba da labari a waje cewa gidan su wane muka kai wa. Yaron da ya saba kai wa mutane tun yana ƙarami, ba zai taso yana ganin Sallah ranar karɓa ce kawai ba.

Da safe a yi musu wanka da wuri, a ba su dabino ko wani abu su ci kafin fita, domin sunna ce a Ƙaramar Sallah a ci kafin a tafi idi. Masu tafiya da babansu a ja musu kunne su riƙe hannunsa. In an dawo, gaisuwa ta fara daga cikin gida, kaka da kakanni, sannan uba, sannan ɗakin kowace uwa. Kada ki hana ɗanki shiga ɗakin abokiyar zamanki ya yi mata barka da Sallah, ko da kun kwana biyu ba ku ga maciji. Rigimarku taku ce.

Sai goron Sallah. Nan fa sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Yaro ya yi yawo ya tara 'yan kuɗinsa, ya dawo yana murna, uwa ta ce kawo in ajiye maka. Daga ranar bai ƙara ganinsu ba. In ya tambaya a ce ai an saya maka sabulu. Iyayena mata, wannan kuɗi amana ce. In za ki yi masa amfani da su, ki gaya masa, ki nuna masa abin da aka saya. In da hali a sa a asusu, ko a saya masa 'yar kaza ya riƙa ba ta tsaba, ya ga yadda abu ke haihuwa. Ki ba shi kaɗan ya kashe da kansa, ya sayi alewa ko balan-balan, don shi ma ya ji daɗin abinsa. In kika saba cinye masa, gaba ɓoye miki zai yi, kuma daga ɓoyon goron Sallah ake fara ɓoyon abin da ya fi shi.

Ki kuma koya masa bambancin gaisuwa da roƙo. A je a gaida gwaggo da kawu don zumunci, in sun bayar a ce an gode, in ba su bayar ba a fito da fara'a. Banda ƙirga kuɗi a gaban mai bayarwa, banda cewa gidan wane sun fi ba da yawa. Banda tare baƙo a hanya. Ke ma in 'ya'yan mutane sun shigo miki kuma ba ki da kuɗi, cincin a ƙullin leda ya isa, da sa albarka.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato yawon Sallah. Tun da aka tare ruwa a Kainji a 1968 aka tashi garuruwa da ƙauyuka, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, dangi suka rabu, wasu a wannan gaɓa wasu a waccan. Shi ya sa a ƙasarmu zumunci da yawa sai an hau ruwa. Kuma a ƙarƙashin ruwan nan har yanzu akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, jirgin katako in ya tsufa ya ci karo da su, sai dai Allah Ya kiyaye. Babu wanda ya manta ranar Laraba 26 ga Mayun 2021, kwana goma sha uku bayan Ƙaramar Sallah, da jirgi ya nutse kusa da Wara ɗauke da mutane fiye da 150, har da mata da yara, kaɗan ne suka tsira. Akwai masu saurarena yanzu da suka rasa nasu a ranar. Allah Ya jiƙansu, Ya ba ku haƙuri.

Saboda haka uwargida, ke ce ba ki fita, amma da izininki yaro ke fita. Kada ki bar ƙananan yara su hau jirgi ko kwalekwale su kaɗai, ko a hannun yarinya 'yar shekara goma sha biyu wai ita ce babba. Sai da babban mutum da kika sani, wanda zai iya cewa a'a in ya ga an cika jirgi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar ruwa. Ki roƙi maigida ya tambayi rigar nan a bakin kwata, in babu, ko an yi lodi ya wuce kima, a jira na gaba. In yamma ta yi musu a can, su kwana, gidan dangi ne. Gara ki kwana kina kewarsu. Kuma kada a ce ai ɗan bakin ruwa ne, ya iya iyo. Iyo a gefen gari daban, tsakiyar ruwa da kaya a jiki daban.

Na tudu ma haka. Masu zuwa kallon hawan Mai Martaba Sarkin Yauri a Yelwa, a haɗa su da babba, a nisanta su da ƙafar dawaki. Kada a jera yara huɗu biyar a kan babur ɗaya. Ƙaramin da bai iya faɗin sunan unguwarsu ba, ki rubuta lambar wayar babansa a takarda ki sa masa a aljihu, in ba ki iya rubutu ba ɗan makarantar gidan ya rubuta. Ki yanke musu gidajen da za su je da lokacin dawowa, kafin magariba kowa na gida. Halin tsaro kuma kun san shi, abin da ya faru a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ya ishe mu darasi. In maigida ya ce hanyar ƙauye kaza ba ta biyuwa bana, a haƙura, a gaisa ta waya.

Kafin in rufe, wata ta taɓa tambayata game da maƙwabta Kirista. A Yelwa da Wara da sauran garuruwanmu muna zaune da su, wasu 'yan ƙasa ne, wasu aiki ko kasuwanci ya kawo su. Ranar 25 ga Disamba suke bikin Kirsimeti, su ma su yi wa 'ya'yansu ɗinki, su dafa shinkafa, su aiko wa maƙwabta, kamar yadda mu ma muke aika musu waina da naman layya. Maganar hukuncin abin da za a ci da wanda ba za a ci ba ta malamai ce, kowa ta tambayi malaminta. Ni maganar ladabi nake yi. In ɗan maƙwabciya ya yi sallama da kwano a hannu, a amsa masa da fuska sake, a yi godiya, kada a bar yaranki su yi masa dariya ko su faɗa masa baƙar magana. Uwarsa ma tun asuba take bakin murhu kamar ke. In ɗanki ya tambaya me ya sa su yau suke ado mu ba mu yi, ki ce masa yau ranar bikinsu ce, tamu tana zuwa. In Sallah ta zo kuma ki tuna da kwanon nan, ki cika shi ki mayar.

'Yar uwarmu ta kusa da Wara, ina fatan kin sami abin kamawa. In Allah Ya kai mu bayan Sallah ki aiko mana da yadda aka ƙare, muna jira. Sauran masu saurare, wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take, ku ba yaro ko maigida saƙo ya kawo mana, ko ku turo ta waya.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya raya mana zuri'a, Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu. Allah Ya tsare mana yaranmu a ruwa da tudu, Ya nuna mana Sallah lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a daidai wannan lokaci. Wassalamu alaikum, a sha ruwa lafiya.